Yadda Na Kwashe Ƙwan Martineta a Ajantina

Tun da na dawo daga Ajantina ban samu sukuni ba. In na zauna ƙofar shagon Ilu tela da la'asar, kafin in cire takalmi wani ya ce in ba su labari. In na je jana'iza, a hanyar dawowa sai wani ya matso ya tambaye ni ko gaskiya ne can shanu sun fi mutane yawa. Na maimaita labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya a tasha na ji wani yana gaya wa direba wai na hau jimina. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Habu, ma'aikacin gidan dabbobi ne ni a Magariya. Aikina allurar shanu, kuma daga Kwaya har Dungas babu rugar da karnukanta ba su san ƙarar mobilet ɗina, wato ɗan babur ɗina, ba. Shekara biyu bayan babban farin da ya cinye dabbobi, takarda ta zo daga Yamai cewa za a tura mutum ɗaya istaj, wato koyon aiki, na wata biyu a wata ƙasa mai kiwo a busasshen daji irin namu. Ba ni aka fara zaɓa ba. Wanda aka zaɓa ya duba taswirar da ke bangon biro, wato ofishinmu, ya ga yawan ruwan da za a tsallaka, sai ya tuna yana da tsohon ciwon ƙafa.

Inna ta tambaye ni ko wurin ya wuce Makka. Na ce ba ta nan ake bi ba, yamma za mu yi. Ta ce to Allah ya sa akwai amfani. Duk da haka ta haɗa mini kilishi da dakuwa da yaji, ta ɗaure a tsumma uku.

Daga Magariya zuwa Damagaram motar aiki ce ta kai ni. Daga can zuwa Yamai kwana biyu muka yi a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, ni da mutum ashirin da wani rago da aka ɗaure a ƙafar bencin da nake zaune. Ragon ya ci gefen hulata a Birnin Ƙonni. Mai shi ya ce in yi haƙuri, bai saba yin haka ba. A Yamai aka ce ba zan shiga jirgi ba sai an yi mini allura an buga hatimi a wata takarda ruwan ɗorawa. Ni da na soka wa shanun da ban san iyakarsu ba allura, da na ga matar ta ɗaga tata sai na rufe ido. Ta tambaye ni aikina, na ce malamin lakwal ne, yara nake koyarwa.

A Dakar na haɗu da abokin tafiyata, Usmanu, mutumin Mali, shi ma aikin dabbobi yake yi kuma wuri ɗaya aka tura mu. Dogo ne, mai son ba da shawara. Da Faransanci muke magana. A cikin jirgi ya yi mini bayanin yadda jirgi ke tsayawa a sama, har lokacin da jirgin ya fara rawa a kan teku, sannan ya ciro carbi.

Da muka sauka babban birnin Ajantina, mai duba takardu ya juya paspor ɗina sama da ƙasa, ya rubuta Najeriya. Na nuna masa da yatsa na ce Nijar. Ya gyaɗa kai, ya ƙara ja wa Najeriya layi a ƙasa. Na girma a garin da za ka yi sallar azahar ka tsallaka iyaka ka dawo kafin la'asar, kuma ban taɓa ganin an mayar da mutum ɗan Najeriya da sauri haka ba. Sai da aka kira wani babba da littafi kafin a mayar da ni ƙasarmu. A teburi na gaba aka buɗe akwatina aka ga kilishin Inna. Mutumin ya ce ba a shiga da nama. Da na gane shi ma likitan dabbobi ne ban yi gardama ba, don da ni ne a kujerarsa haka zan yi. Na dai lura ya sunsuna shi sau biyu, kuma ba a kwandon shara ya sa shi ba.

Kwana ɗaya muka yi a otal, washegari muka hau jirgin ƙasa muka yi kudu maso yamma yini guda. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ko'ina shingen waya. Shanu suna kiwo babu kowa a bayansu, babu sanda, babu kare. Na yi ta leƙe ta taga ina neman makiyayin har wuyana ya gaji. A ƙarshe mota ta kai mu wata gonar gwaji a cikin dajin ƙananan ƙayoyi, aka ba mu ɗaki ɗaya da gado biyu da murhun ƙarfe. Mun baro gida ana kaka, su kuma ciyawa ta fara tsiro. Suka ce zafi na nan tafe. Iskar wurin ba ta tsayawa, na kwana da rigar sanyi har na dawo.

Abincinsu nama ne. Da safe burodi, da rana nama, da dare nama, kaurinsa kamar tafin hannu, tsakiyarsa ja. Usmanu ya ce yankan ma'abota littafi halal ne, ya ci. Ni na tambaya wa ya yanka, aka ce inji. Na yi mako guda a kan burodi da dankali da ragowar dakuwa. Wanda ya cece ni wani tsohon makiyayi ne, Ramon, mai wando buje irin na kakanninmu da wuƙa a bayan ɗamara. Ba ya jin Faransanci, ni ba na jin Sifaniyanci, da hannu muke hira. Wata safiya ya ja ni bayan garke, ya kayar da tunkiya, ya miƙo mini wuƙarsa. Na juya ta gabas na yanka. Daga ranar duk Juma'a ni ne mahaucin gonar, kuma na ƙara ƙiba.

Suna da wani abin sha mai ɗaci da suke kira mate. Ganye ne a ƴar ƙwarya, a zuba ruwan zafi, a tsotsa da bututun ƙarfe ɗaya, a miƙa wa na gaba, kamar yadda muke zagaya ludayin fura. Ranar farko da aka miƙo mini na sha, na mayar, na faɗi kalmar godiya da na koya a jirgi. Ƙwaryar ta yi ta zagaya tana tsallake ni. Kwana huɗu ana haka, na fara tunanin ko don ni baƙi ne. Daga baya na ji cewa a wurinsu in ka yi godiya, ma'anarsa ka ƙoshi. Na daina godiya, aka ce na iya zama da mutane.

Wadda ta warware mini wannan ita ce Madam Elsa. Shekarunta za su kai hamsin, tana sa wando, tana tuƙa motarta da kanta, kuma ita kaɗai ke jin Faransanci sosai a gonar. Ba ruwanta da shanu. Na ɗauka tafinta ce, sai daga baya na san tsuntsaye take karanta, ana kuma biyanta a kan haka.

Tsuntsayen kuwa na gan su tun makon farko. Muna tafe a kan doki ni da Ramon, sai ga su sun ratsa hanya a guje, su biyar a jere, masu zane-zanen toka da ƙasa-ƙasa, girmansu kamar matashiyar zabuwa, kowace da dogon tukku siriri mai lanƙwasa a ka. Na ce zabi. Ramon ya ce martineta. Na yi masa kukan zabuwa, ya yi mini fito mai sanyi sau uku, irin na mai jin kewa. Kowa ya tsaya a kan nasa.

A mako na huɗu aka tura ni ni kaɗai in auna ciyawa a bakin wani shinge. Ina tafe ina duban ƙasa, sai wani abu ya tashi daga ƙarƙashin ƙafata da ƙarar fiffike har na zubar da littafina. Ɗaya daga cikin tsuntsayen nan ce. Ba ta yi nisa ba ta faɗa bayan ƙaya ta ɓace. Na duba gindin kurmin da ta tashi, na ga ɗan gurbi da ƙwai shida. Ban taɓa ganin irinsu ba. Koraye ne shar kamar sabon ganyen gyaɗa, suna ƙyalli kamar tangaran da aka goge, har na ga fuskata a jikin ɗaya.

A garinmu wanda ya tsinci ƙwan zabuwar daji rabonsa ne. Ka kai gida, ka sa wa kaza mai kwanci, ta ƙyanƙyashe maka. Na san kuku yana da kaza mai kwanci a bayan madafa. Gaskiya na ga wata ƴar sanda a kafe kusa da wurin da jan tsumma a ɗaure, amma na ɗauka irin abin da masu gona ke kafawa ne don tsoratar da ɓarayi. Na yi bisimilla na kwashe ƙwan a hulata.

Da na shiga madafa, Madam Elsa na zaune da ƙwaryar mate a hannu. Na buɗe hular a kan teburi ina jiran yabo. Ta dube su. Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta tambaye ni ko na ga sanda mai jan tsumma, na ce na gani. Ta tambaya wace lamba ce a jiki, na ce kamar bakwai. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce gurbin da ta yi wa alama a bana duk dila da wata dabba mai ɓawo a baya sun cinye, saura wannan kaɗai. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana zama a rami tana kallonsa. Shekara uku tana wannan aiki, kuma bana ce ta ƙarshe da aka ba ta.

Usmanu, da yake ba ya rasa shawara, ya gaya mini a kunne cewa direktan gonar zai rubuta wa Yamai, za a mayar da ni gida kafin lokaci, kuma ba za a ƙara gayyatar ɗan Nijar ba. Na tuna mutanen da suka yi mini rakiya ranar da na bar gida.

Madam ta tambaye ni tun yaushe na ɗauke su, na ce bai kai awa ba. Ta ce in mayar da su hular in cusa cikin rigata a jikin fata. Haka muka shiga mota, ina rungume da cikina kamar mai naƙuda, tana gudu a kan ramuka. Ta jera su a gurbin da hannunta, muka koma wani rami da ta haƙa can nesa ta rufe da tamfol. Muka zauna.

Ta ce, "In ya dawo kafin su huce, akwai dama."

Na ɗauka Faransancinta ne ya kuskure, kuma duk da halin da nake ciki ban iya barin kuskuren ya wuce ba. Na ce, "In ta dawo, Madam."

Ta ce, "In ya dawo. Namiji ne."

Ban sake gyara mata ba, don wanda ya yi laifi ba ya jan magana. Ita kuma, ina jin don kada ta yi ta kallon agogo, ta shiga yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ta ce a wurin martineta namiji ke gyara gurbi. Mace ɗaya ko biyu su zo su zuba masa ƙwai, su yi gaba wurin wani namijin su zuba masa shi ma. Shi ke kwanci kwana ashirin da ɗoriya, shi ke ƙyanƙyasa, shi ke yawo da ƴan tsaki. Macen ma ta ɗan fi shi girma. Na gyaɗa kai kamar yadda nake gyaɗa wa makiyayi kai in ya ce mini aljani ne ya kashe masa saniya.

Mun fi awa biyu a ramin. Ƙafata ta mutu, tururuwa ta shiga wandona, ban motsa ba. Rana ta karkata sosai, sai Madam ta taɓa hannuna ta miƙo mini madubin hangen nesa. Ga shi nan yana tahowa a ƙafa. Bai zo kai tsaye ba. Ya yi hagu, ya tsaya, ya ɗaga tukku, ya caccaki ƙasa kamar ba ruwansa da wurin, ya zagaya ta baya. Ya tsaya a kan gurbin ya daɗe yana duba. Na yi addu'ar da ban yi irinta a cikin jirgi ba. Ya sa baki ya juya ƙwai ɗaya, ya juya wani, ya buɗe gashin cikinsa, ya kwanta. Madam ta ciro littafinta ta rubuta lokaci.

Direkta ya ji labari, amma bai rubuta wa kowa ba. Madam ce ta yanke hukuncin: tunda na iya gano gurbi, ni zan riƙa zaman ramin kowace safiya daga fitowar rana har ƙarfe tara, in rubuta duk abin da tsuntsun ya yi. Haka na yi kwana tara, ma'aikacin gwamnati da aka biya wa jirgi ya tsallaka teku, ina zaune a rami ina gadin tsuntsu. Na ga yana tashi in rana ta ɗan yi ɗumi, ya ja ƴan gashi ya rufe ƙwan, ya tafi kiwo. Yana cin ganye da ƴaƴan ciyawa da ƙwari. Yana wanka da ƙasa kamar kajinmu. Ban taɓa ganin ya nemi ruwa ba. Tashi kuwa sai dole, gudu ya fi so. Matan biyu da suka yi ƙwan, Madam ta sa musu zobe mai launi a ƙafa, na gan su sau biyu sun wuce ta can tsallaken shinge tare da wani namijin. Ko waiwaye ba su yi ba. Da na gaya wa Usmanu, ya ce kada in kai wannan labari gida.

A raina dai ban yarda namiji ba ne, sai ranar da Ramon ya kawo wata martineta da ta bugi wayar shinge ta mutu. Madam ta juya ta, ta nuna mini cikin, gashin ya zube fatar ta yi laushi, alamar mai kwanci. Ta miƙo mini ƴar wuƙa ta ce ai ni likita ne. Na buɗe. Na buɗe kaji da zabi da yawa a rayuwata, na san abin da na gani: ƴaƴan maraina biyu, ba mahaifar ƙwai ko alama. Na wanke hannuna na ce namiji ne. Ta ce ta gode da na tabbatar mata.

A ranar ne na ce mata to, zabo ne dai mai halin kirki. Ta kai ni ɗakin aikinta ta ciro ƙoƙon kai uku daga akwati: na kaza, na martineta, da na wani ƙaton tsuntsu mara tashi da ke dajinsu, nyandu, wanda na gani daga nesa kamar ƙaramar jimina. Ta juya su ta nuna mini ganɗa, wato rufin baki. Ƙasusuwan na kaza daban suke. Na martineta da na nyandu kuwa ginin ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Ta ce masu ilimin tsuntsaye ba kama suke bi ba, asali suke bi, kuma a ganɗa ake ganinsa. Martineta ba ta haɗa komai da zabuwa ko fakara ba sai zaman daji iri ɗaya. Danginta su ne nyandu da jiminarmu ta Afirka. Bambancin shi ne ita tana da tudun ƙashi a ƙirji inda naman fiffike ke kamawa, shi ya sa take ɗan tashi, su ba sa yi. Ta sa na ƙirga yatsun: uku ne, babu na baya, alhali zabuwa huɗu gare ta.

Ta ce babban gidansu sunansa tinamu, iri arba'in da wani abu, duk a wannan yanki na duniya suke. Masu dogon tukku a cikinsu iri biyu ne kawai. Ɗaya wannan ta busasshen dajin kudu, ɗaya kuma tana can arewa inda ake zafi, a dajin wani icce mai taurin da suke ce masa mai karya gatari. Na ce abin bai ba ni mamaki sosai ba, don a Dungas akwai wani gajere da ke cewa shi jikan sarakuna ne, kowa na dariya, har ranar da tsofaffi suka zauna suka lissafa aka ga gaskiyarsa.

Safiya ta tara na ga namijin ya ƙi tashi kiwo, yana ta leƙa ƙarƙashinsa. Na aika Ramon da hannu ya kira Madam. Kafin azahar ƴan tsaki biyar sun fito, masu zane a baya kamar ƴan zabi. Washegari da hantsi ya miƙe ya yi wani ɗan kuka, ya kama hanya, suka bi shi a guje cikin ƙaya. Bai koma gurbin ba. Ƙwai ɗaya ya rage, baragurbi. Na tambaye ta ko hulata ce ta kashe shi. Ta huda shi da allura sama da ƙasa, ta hura abin da ke ciki a faranti, ta duba, ta ce babu ɗan da ya taɓa farawa a ciki. Ta wanke ɓawon, ta naɗe shi a gashin tunkiya, ta sa a gwangwanin shayi ta ba ni. Ta ce wannan da izini ne.

Na koyi abin da aka tura ni in koya, na rijiyoyi da hutar da makiyaya, yana cikin rahoton da na kai biro. Ranar tafiya Ramon ya ba ni ƙwaryar mate, na yi masa godiya tunda na ƙoshi. A Yamai ɗan duwan, mai binciken kaya a filin jirgi, ya buɗe gwangwanin ya tambaya mene ne. Na ce ƙwai. Ya ɗaga shi ya duba, ya ce in daina wasa da ma'aikaci, ya rubuta kayan ado.

Ban bi shawarar Usmanu ba. Na ba da labarin a ƙofar shagon Ilu, ranar kasuwa kuma ya bi jakuna ya shiga ƙauyuka. Da sanyi ya shigo muka fara allurar ciwon huhu, na je Sassumbrum na tarar da shingen allura babu saniya ko ɗaya. Aka ce Arɗo Jaɓɓe ya hana. Shi ne babban Fulanin yankin, in bai kawo nasa ba babu mai kawowa. Ciwon kuwa an riga an ji shi a tsallaken iyaka, kuma shanun nan su ne ƴan ragowar da fari ya bari.

Na same shi a ƙarƙashin gawo da dattawansa. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini nono. Ya ce shekara takwas yana ba ni shanunsa don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Amma yanzu ya ji na je wata ƙasa na dawo ina cewa zakara na kwanci, ƙwai kore ne, zabuwa kuma ƙanwar jimina ce. Ya ce bai san abin da aka ba ni na sha a can ba, kuma mutumin da bakinsa ya canza, ba a san abin da ke cikin allurarsa ba.

Na hau mobilet na koma Magariya, na dawo washegari da gwangwanin. Na buɗe gashin tunkiyar na sa masa ƙwan a tafin hannu. Dattawan suka matso. Ya ɗaga shi a rana. Ya ƙwanƙwasa da farce. Ya lasa. Ya ce a kasuwar Kano ya ga kwalabe masu wannan launi. Na nuna masa hujin allurar, na ce ya ji rashin nauyinsa. Ya gyaɗa kai, ya sa babban yatsa ya danna.

Ƙarar ba ta da yawa. Ya buɗe hannun, ya ɗauki ɓallin ɓawo ɗaya, ya bare ƴar farar fatar da ke ciki, ya murza ta, ya sunsuna. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya sunsuna.

Ya ce, "Ƙwai ne, likita."

Na ce, "Ƙwai ne dā, Arɗo."

Ya ce a tafi a koro shanu. Da na tambaye shi batun namijin, ya ce ƙwai ya gani, namiji bai gani ba, in bar wannan tsakanina da Allah, kuma in rage faɗarsa a kasuwa. Kwana uku muka yi muna allura a Sassumbrum, har ruwan allurar ya ƙare aka aiko da ƙari. Ɓawon na tattara abin da ya samu na mayar a gwangwani, yana nan, wanda ke son gani ya zo, sai dai launin ya fara dushewa.

Bayan mako guda wani Bafillace ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙwarya a ka da zakara a hammata. Ya ce Arɗo na gaishe ni, ya ce a ba ni haƙurin abin da ya fasa. A cikin ƙwaryar ƙwan kaza ne guda shida. Zakaran kuma, in ji Arɗo, in gwada.

Mai ɗakina ta soya ƙwan a ranar. Zakaran yana nan a tsakar gida, ja ne, yana da lafiya, yana cin dawa sosai. Wata huɗu ke nan bai kwanta a kan komai ba.